Yaya ake nazarin wasan jarumi a fim da kan dandamali?

Tambaya: Ina son in fara rubuta sharhin finafinai da wasannin kwaikwayo, amma duk lokacin da na zo kan 'yan wasa sai in rasa abin faɗa, in ban da "ya iya" ko "ta yi ƙoƙari". Me ake dubawa a wasan jarumi, kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Abin da ya sa kake tsayawa a "ya iya" shi ne kana auna jarumi da abin da ka ji a ranka lokacin kallo, alhali abin da ka ji ɗin aikin mutum shida ne: marubuci, darakta, mai ɗaukar hoto, edita, mai kiɗa, sannan ɗan wasan. Aikin mai nazari shi ne ya ware wa kowa nasa. In ka ware rabon ɗan wasan kuma, kada ka tambayi abin da yake ji. Tambayi abin da yake so daga wanda ke gabansa, da abin da yake yi don ya samu, da daidai lokacin da al'amarin ya sauya. Fushi da baƙin ciki da hawaye duk a bayan waɗannan suke zuwa.

Kada ka fara da fim sukutum. Zaɓi sin ɗaya, wato yankin fim da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, na mutum biyu, mai tsawon minti biyu zuwa huɗu, wanda ba waƙa ba ne kuma ba faɗa ba ne, ka kalle shi sau huɗu. Na farko kallon kowa da kowa, ba tsayarwa, in ya ƙare ka rubuta jimla ɗaya: wa ya shigo da rinjaye, wa ya fita da shi. Na biyu ka kashe sauti gaba ɗaya. Na uku ka kife wayar ko ka juya wa talabijin baya, ka saurara kawai. Na huɗu da takarda da biro, kana tsayarwa kana rubuta minti da daƙiƙar duk inda wani abu ya motsa. Kallo na biyu shi ya fi tona asiri, domin kiɗa da daɗin baki sun tafi, saura jiki da ido. Idan ka kashe sauti amma har yanzu kana gane wa ke roƙo, wa ke hanawa, da inda aka ɓata wa wani rai, to akwai wasa a wurin. Idan kuwa mutum biyu ka gani suna motsa baki bi da bi, kalmomin marubuci ne suka ɗauki nauyin sin ɗin.

Ga misalin sin da za mu yi aiki da shi. Wani magidanci ya je shagon ƙaninsa a kasuwa. Kuɗin haya ya cika, mai gida ya ba shi wa'adi, kuma bai taɓa neman ko sisi a hannun wannan ƙanin ba, shi ne ma ya biya masa kuɗin makaranta. A rubuce, maganganun ba su da yawa:

"Yaya, sannu da zuwa. Yau kai ne a kasuwa?"
"Wallahi wucewa nake, na ce bari in leƙo. Ya ciniki?"
"Alhamdu lillahi. Ya su Yaya Babba da yara?"
"Lafiya lau. Kai, shago ya cika, ma sha Allahu."

Sai mai saye ya shigo, ƙanin ya tashi ya sallame shi, ya buɗe durowa ya ba da canji. Da ya dawo, wan ya ce, "Mutumin nan mai gidanmu ma ya zo jiya." Ƙanin ya ce, "Ai Yaya kasuwar nan sai addu'a, kayan nan da kake gani duk na mutane ne." Wan ya miƙe ya ce, "Haka ne. Bari in ƙarasa, rana na yi."

Babu inda aka ambaci rance, amma sin ɗin gaba ɗaya rance ne. Abu na farko da za ka yi shi ne ka yanka shi gaɓa-gaɓa, kuma gaɓa tana ƙarewa ne a inda ɗaya daga cikinsu ya sauya dabara, ba a inda jimla ta ƙare ba. A gaɓar gaisuwa wan yana jan lokaci. A gaɓar yabon shago yana share fage, yana tuna wa ƙanin cewa yana da hali. Shigowar mai saye tangarɗa ce, kuma a nan ne za ka zuba wa wan ido sosai: ba shi da magana ko ɗaya na kusan daƙiƙa ashirin, durowar kuɗi a buɗe a gabansa. Ya kalle ta? Ya kau da kai da sauri don kada a kama shi yana kallo? Ya shiga gyara hula, ko ya ɗauki wani kaya yana juyawa kamar mai taya? Gwanin ɗan wasa a nan yake nuna maka girman bukatar da girman kunyar a tare. Wanda bai ƙware ba zai tsaya ƙiƙam yana jiran a zo kan layinsa. Ambaton mai gida jefa zance ne. Kukan kasuwa da ƙanin ya yi katse hanzari ne, ya gane kuma ya rufe ƙofa. "Haka ne" ɗin ƙarshe shi ne juyin sin ɗin: daga neman kuɗi, wan ya koma neman ya fita da mutuncinsa.

Ka lura kowace gaɓa aikatau na ba ta: jan lokaci, share fage, jefa zance, katse hanzari. Haka za ka riƙa yi a gefen takardarka. Lallaɓa, gwadawa, tsoratarwa, kunyatawa, ja wa mutum rai, zolaya, kare kai. Kada ka rubuta "yana cikin damuwa", domin damuwa ba abin da mutum zai yi wa wani ba ce, kuma ɗan wasan da ya shiga sin da niyyar nuna damuwa zai ɗaure fuska tun daga sallama har fita, launi ɗaya. Wannan hanyar ta yanka wasa gaɓa-gaɓa da neman burin kowace gaɓa daga Konstantin Stanislavski ta samo asali, ɗan Rasha da ya kafa gidan wasan kwaikwayo na Mosko tare da Nemirovich-Danchenko a 1898, kuma har yau ita ce ginshiƙin yawancin makarantun koyon wasa. A sin mai minti uku, in ka ƙirga dabara huɗu ko biyar daban-daban a wurin ɗan wasa ɗaya, ya yi aiki. In ɗaya ka samu tak, ko dai shi bai nema ba, ko marubuci bai ba shi ba, kuma sai ka tantance wanne ne kafin ka ɗora laifi.

Bayan buri sai sauraro, kuma ni a wurina shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Ka bar mai magana, ka kalli wanda ake yi wa. Ɗan wasan da ya haddace layinsa yana jiran lokacinsa yana da alamomi: yana jan numfashin magana tun abokin wasansa bai kai kalmar da ya kamata ta tunzura shi ba, mamakinsa yana riga labarin isowa, idonsa yana kan fuskar mutum amma ba ya ganin komai, wani lokaci ma za ka ga leɓensa yana bin layin ɗayan a ɓoye. Tsayar da hoton, ka koma baya daƙiƙa biyar, ka nemo kalmar da ta soke shi. A misalinmu kalmar ita ce "na mutane ne". Idan fuskar wan ta faɗi tun a "Ai Yaya", ya riga ya san abin da za a faɗa, wato ɗan wasa ka gani, ba magidanci ba. Sanford Meisner, wanda ya shafe shekaru yana koyar da wasan kwaikwayo a New York, ya gina darasinsa na farko kacokan a kan wannan: ɗalibai biyu su zauna suna maimaita jimla ɗaya a tsakaninsu har sai kowa ya daina tunanin kansa ya koma lura da ɗan'uwansa.

Hawaye kuwa, kada su ruɗe ka. Man zafi kaɗan a ƙarƙashin ido yana kawo su cikin minti ɗaya, kuma ba laifi ba ne, kayan aiki ne. Abin dubawa shi ne sauran jikin ya yarda da hawayen ko bai yarda ba. Kukan gaske daga numfashi yake farawa: ya yanke, ya dawo guntu-guntu, maƙogwaro ya shaƙe, murya ta sirance ko ta karye a tsakiyar kalma, haɓa ta yi rawa, hanci ya cika. In ka ga ruwa na zuba amma murya garau, numfashi daidai, daga waje aka sa shi. Sannan babban mutum a gaban jama'a kokawa yake yi da kuka, ba nemansa yake ba. Jarumar da ke haɗiye kuka tana ƙoƙarin ƙarasa maganarta ta fi taɓa mai kallo fiye da wadda ta zube ƙasa tana birgima tun daga jimlar farko, domin ta biyun ba ta bar wa kanta inda za ta ƙara ba.

A kallo na uku, na kunne kawai, abubuwa huɗu za ka bi: sauri, ƙarfi, shiru, da inda aka ɗora nauyin magana. Yawancin raunin da ake samu shi ne a mayar da ƙarfin murya shi ne zafin rai, duk fushi ya zama ihu. Dattijon da ya rage murya ya ce "To, shi ke nan" ya fi mai buga tebur ban tsoro. Shiru kuma iri biyu ne: wanda mutum ke tunani a cikinsa, da wanda ɗan wasa ke lalubo layin da ya manta. Na farkon numfashi a riƙe yake, kuma maganar da ta biyo baya tana fitowa da sabon launi. Sai karin harshe. Wanda aka ba rawar Basakkwace zai iya riƙe "mi" da "tahi" muddin ana hira cikin natsuwa, amma saurari inda aka fusata shi ko aka ba shi tsoro: da yawa nan take suke komawa Kananci, alhali mutum a irin wannan lokacin ne ma harshen gidansu ya fi fitowa. Ka kuma lura da tsarin jimlar. Bahaushe in zai jaddada abu gaba yake kawo shi: "Ni ka zaga?" daban take da "Zagina ka yi?", ta farko girma take karewa, ta biyu laifin take tabbatarwa. A finafinan da ake ba 'yan wasa bayanin sin su zuba maganar da bakinsu, kamar yadda aka daɗe ana yi tun zamanin wasannin talabijin na Kaduna da Kano da Jos, wannan zaɓin na ɗan wasan ne, yabo ko zargi nasa ne. Illar wannan salon sananniya ce: maimaita zance ɗaya sau uku, jero karin magana a inda ɗaya ta isa, da sin ɗin minti biyu ya koma bakwai saboda ba wanda ya san inda zai tsaya.

Jiki yana da nasa lissafin. Rudolf Laban, masanin rawa da motsi da ya rasu a 1958, ya raba kowane motsi ta fuska huɗu: nauyinsa, saurinsa, ko kai tsaye yake ko kewaye-kewaye, da ko a sake yake ko a ɗaure. Wannan ya ishe ka ka siffanta tafiyar kowane jarumi ba tare da ka ce "ta dace" kawai ba. Attajiri mai nauyi, a hankali, kai tsaye. Ɗan aike mara nauyi, da sauri, a kewaye. Tambayar ita ce ko tafiyar ta rawar ce, ko kuwa ita ce dai tafiyar jarumin a duk fim ɗin da ya fito. Kayan jiki ma suna magana: wanda ya saba da babbar riga yana naɗe hannunta ya aza a kafaɗa bai ma san ya yi ba, wanda aka ara wa yau kuwa kokawa yake da ita. Haka carbi, haka mayafi, haka tiren shinkafar da aka ba jaruma ta tsince. Duba ko da gaske tsintar take yi, da kuma inda hannun ya tsaya cak. Tsayawar hannun nan sau da yawa ita ce amsar da bakinta bai bayar ba.

A fim ɗin Hausa wannan fannin ya fi nauyi fiye da a finafinan wasu ƙasashe, saboda dalili bayyananne. Al'adar masu kallo da ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna ba, ko da a matsayin mata da miji suka fito. Abin da wani jarumin zai yi da runguma, namu sai ya yi shi da tazara da kallo. Don haka ka auna tazarar: taku nawa ne tsakaninsu a farkon sin, nawa ne a ƙarshe, wa ya matso, wa ya ja baya. Wa ke kan kujera, wa ke ƙasa. Durƙuson nan na ladabi ne, ko na gatse ne da aka yi shi rabi aka miƙe? Sunkuyar da kai ma ba iri ɗaya ba ne: akwai na kunya, akwai na ɓoye fushi, akwai na mai laifi, kuma bambancin yana kafaɗa da muƙamuƙi. Mai sharhin da ya ɗauko ma'aunin finafinan Amurka, inda haɗa ido ke nuna gaskiya, zai ce 'yar da ta ƙi kallon mahaifinta ba ta shiga wasan ba, alhali ɗagowar idonta sau ɗaya na rabin daƙiƙa shi ne tawayen da sin ɗin ya ginu a kai.

Yanzu sai ka cire abin da ba na ɗan wasa ba ne, kuma a fim yana da yawa. Wajen 1920 Lev Kuleshov a Rasha ya ɗauki hoton fuskar jarumi Ivan Mosjoukine ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a cikin akwati, sannan da yarinya tana wasa. Kamar yadda abokin aikinsa Pudovkin ya bayar da labari, masu kallo sun yaba yadda jarumin ya nuna yanayi daban-daban, alhali hoton ɗaya ne aka maimaita. Ma'ana, ma'anar da kake karantawa a fuska rabinta daga hoton da ya gabata take zuwa. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, na talabijin a ƙasashenmu 25. Edita yana iya ƙara hoto goma sha biyu kafin amsa, sai ga shirun rabin daƙiƙa da za ka rantse tunani ne mai zurfi na jarumin. Yana iya ɗauko kallon da aka yi a wata ɗaukar daban, ko ma lokacin da jarumin ke sauraron darakta, ya dasa a inda ya ga dama. Yadda za ka gane: ƙirga yanka. In kowace jimla da nata yankan, daga wannan fuska zuwa waccan, saurin musayar na edita ne. In aka bar su biyun a hoto ɗaya na daƙiƙa arba'in ko minti guda ba yanka, duk abin da ka gani nasu ne, kuma irin wannan wurin za ka nema in kana son hukuncin da ba zalunci.

Girman hoto ma yana sauya abin da ake bukata. A hoton nesa jiki ne ke magana, fuska ba ta isowa. A na rabin jiki hannuwa da kafaɗa. A hoton kusa, inda fuska ta cika allo, ɗaga gira ɗaya ihu ne, yawan ƙifta ido yana nuna rauni ko rashin natsuwa, kuma tunani kawai ya isa, kyamara za ta kama. Kuskuren da aka fi gani shi ne ɗan wasan da ya taso a dandamali ya kawo girman motsin dandamali cikin hoton kusa, sai ya zama kamar yana yi wa mai kallo tsawa. Akasin haka ma yana faruwa, a yi wasan ido a hoton nesa, ba wanda ya gani. Gilashin kyamara mai faɗi, irin mai milimita 24, in aka matso da shi kusa yana kumbura hanci da goshi, fuska ta yi kama da abin dariya ko abin tsoro. Mai milimita 85 yana daidaita fuska ya dusashe baya. Kyamara daga ƙasa tana ba mutum kwarjini ko da bai yi komai ba. Kiɗa kuwa, shi ya sa aka ce ka kashe sauti. A sin ɗin waƙa muryar ta mawaƙi ce, abin da ya rage wa jarumi shi ne mamin: ko bakinsa ya hau kan kalmomin, ko yana numfashi a inda mawaƙin ya yi, ko fuskarsa ta san ma'anar baitin ko murmushi ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Akwai wata ƙwarewa da sai ka kalli fim ɗin gaba ɗaya za ka gan ta. Ba a ɗaukar fim a jere. Duk sina-sinan da ke falo ɗaya rana ɗaya ake ɗauke su, ko da ɗaya na farkon aure ne ɗaya na ranar saki. Kuma inda kyamara ɗaya ce, kowane sin sai an maimaita shi aƙalla sau uku: na nesa, na fuskar wannan, na fuskar wancan. Dole ɗan wasa ya riƙe a kansa matakin da yake a labarin, ya kuma maimaita motsinsa daidai, kofi a hannun dama a kan kalma kaza. In ka ga jaruma ta fito daga ɗaki a fusace, a tsakar gida kuma ta bayyana a sanyaye ba dalili, wataƙila kwanaki ne tsakanin ɗaukar biyun, kuma ita da darakta da mai kula da kwantiniti, wato dacewar wannan ɗauka da waccan, duk sun yi sake. Zana layi a takarda, ka sa wa kowane sin nata maki daga 1 zuwa 10 na zafin yanayi. In ta kai 10 tun a sulusin farko, sauran fim ɗin maimaici ne.

Dandamali ya fi sauƙin hukunci ta wani ɓangaren, domin babu edita, babu ɗauka ta biyu, kuma mai kallo shi ke zaɓar inda zai duba. Amma ba za ka iya tsayarwa ba, don haka ka je sau biyu, ka zauna a gaba ranar farko, a layin ƙarshe rana ta biyu. Daga baya za ka ji ko muryar daga ciki take fitowa ko daga maƙogwaro ake matso ta, wadda kan dushe kafin a kai rabin wasa, da ko ƙarshen kalmomi yana isowa. Daga gaba za ka ga abin da yake yi lokacin da hasken ba a kansa yake ba. Duba tsayuwa: wanda ya ja baya ya tilasta wa abokinsa juya wa jama'a ƙeya ya sace masa sin. Duba yadda yake bi da dariyar 'yan kallo: gwani yana jira ta kai ƙololuwa ta fara sauka sannan ya shigo, mai gaggawa yana magana cikinta layin ya ɓace, mai jinkiri yana barin wuri ya yi sanyi. Siffar wurin ma tana sauya doka. A fili irin gidan wasan nan mai ginin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka gina a tsakiyar shekarun 1970, ko a dandalin ƙauye da jama'a suka yi da'ira, ba yadda za a yi kowa ya ga fuskarka a lokaci ɗaya, sai a auna ɗan wasa da yadda yake juyawa yana raba kansa, da ko bayansa ma yana wasa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya fi dacewa da wasan da ke son ka manta wasa ne. Ba kowane ke son haka ba, kuma babban zalunci a sharhi shi ne a auna salo da ma'aunin wani salon. Ko a cikin magadan Stanislavski an rabu: Lee Strasberg ya dogara da ɗan wasa ya tono abin da ya taɓa faruwa da shi, Stella Adler kuwa, bayan ta yi karatu a wurin Stanislavski da kansa a Faris a 1934, ta koma ta ce tunani da nazarin halin da rawar ke ciki sun fi. Bertolt Brecht na Jamus ya tafi wata hanya dabam: yana son ɗan wasa ya nuna rawar yana tsaye a gefenta, don mai kallo ya yi tunani maimakon ya narke. Mu wannan ba baƙo ba ne. Yaron da ya manna gemun auduga a tashe ba ya son ka ɗauka tsoho ne da gaske, daɗin yana cikin ganin yaron da tsohon a tare. Haka 'yan kama da ke kwaikwayon karatun malamai suna zancen tuwo da nama, haka wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Barkwancin marigayi Samanja da na marigayi Rabilu Musa Ibro daga wannan jijiyar yake. Ba za ka tambaye su ko mutum yana yin haka a zahiri ba. Za ka tambayi daidaiton lokaci: tsawon shirun da ke gaban kalmar dariya, yawan maimaicin da abin zai ɗauka kafin ya gundura, da wanda mutane ke mantawa, wato abokin wasan da ya ɗaure fuska ya ƙi dariya, wanda in ya saki ko kaɗan barkwancin ya zube.

Rabon marubuci shi ma a ware shi. In ka ji jaruma tana cewa "Kamar yadda ka sani, shekararmu goma da aure kuma ba mu samu haihuwa ba", ba ita ta gaza ba, an sa ta faɗa wa mijinta abin da ya sani ne don mai kallo ya ji. Haka yawan zancen zuci da ake ɗora murya a kan fuska, sau da yawa alama ce ta ba a yarda ɗan wasan zai iya nunawa ba, ko ba a rubuta masa abin yi ba. Dabarun da za ka nema a rubutu kaɗan ne: ko mai kallo ya san wani abu da ɗaya daga cikinsu bai sani ba, domin wannan shi ke sa gaisuwa ma ta yi nauyi, ko abin da ya warware labarin an dasa shi tun da wuri ko daga sama ya faɗo, ko an shiga sin a makare an fita da wuri, ko sai da muka ga fakin ɗin mota da buɗe get da hawa bene. A misalin shagon nan, shigowar mai saye dabarar marubuci ce, barin durowar a cikin hoto ta darakta ce, abin da idon wan ya yi da durowar kuma na ɗan wasa ne.

In ka zo rubutawa, kowace magana ka ba ta ƙafa huɗu: wurin, abin da aka gani ko aka ji, abin da ya haifar, da mai shi. Maimakon "ya yi ƙoƙari sosai a sin ɗin shago", sai ka ce: "A minti na 34, lokacin da ƙanin ya buɗe durowa, ya kai ido sau ɗaya ya ɗauke, ya shiga karanta rubutun jikin wani kwali. Hoton bai yanke ba, don haka zaɓinsa ne, kuma shi ya sa 'wucewa nake' ɗin da ya faɗa a baya ta zama ƙaryar da muke tausaya wa." Irin wannan guda uku sun isa sharhin jarumi ɗaya: ɗaya daga inda ya fi ƙarfi, ɗaya daga inda ya yi rauni, ɗaya daga wurin da ba shi da magana. Kafin ka yanke cewa wani motsi na rawar ne, nemi wani fim ɗin nasa da ya fito a matsayi dabam ka kalli minti goma, domin in ka tarar da irin wannan gyaran hular da irin wannan murmushin a can ma, ɗabi'arsa ce, sai ka rubuta ta a haka.